Moɗar Banki

A bankin da ke daura da Bata suka miƙo min shi
cikin ambulan mai kauri, sai ka ce gayyatar ɗaurin aure.
Ga sunana da haruffa masu tudu, Tasi'u Mamuda,
ga iyakarsa: dubu hamsin.
Ko dila guda ta zare ba zai ɗauko ba,
amma daga nan har Kwari, cikin adaidaita,
ina ta shafa aljihu kamar mai sabon haƙorin Makka.

Mako biyu kacal.
Zif dozin ashirin, maɓallai, man janareto,
maganin tarin Ummi a wani kemis na Fagge,
dubu arba'in da bakwai suka tafi.
Kafin wa'adi na biya tsaf,
don kada ɗigon kuɗin ruwa ya faɗa miyar gidana.
Daren nan na yi barcin masu gaskiya.

Sai na koma da babbar buƙata:
injin surfanin nan na Ƙofar Wambai
da na shekara uku ina gaisarwa da ido,
banki ya saya, ni in biya da kaɗan-kaɗan.
Fa'iza ta gyara tabarau, ta juyo min da kwamfuta.
Ta ce, makinka ya sauka.
Na ce, ai na biya.
Ta ce, ka biya,
amma ranar da aka ɗauki hoton asusunka
moɗar cike take har baki.
Su can ba ruwansu da ƙanƙantar moɗa,
ƙishirwar mai sha suke aunawa.

Ta ce, kuma katin jinjiri ne, ko arba'in bai yi ba,
ya shigo cikin tsofaffin asusunka ya rage musu furfura.
Sannan ƙofa uku ka ƙwanƙwasa kafin tamu,
kowace sallama an rubuta ta,
kamar ta mai yawon neman aro.

Na fito rana tsaka, na tsaya gun mai rake, ban saya ba.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa, haka muka ji.
Ba a gaya mana akwai masu zama a ofis mai sanyi
suna auna tsawon hanjin ba.

Babana ya ɗauki atamfa a hannun Alhaji Ɗanlami
shekara talatin da ɗaya.
Ba takarda, ba dangwale,
sai "Allah ya kai mu Juma'a,"
kuma Juma'a ba ta taɓa riga shi zuwa ba.
Ranar da muka kai shi, liman ya yi cigiya sau uku:
wa yake bin mamacin nan?
Sahu ya yi tsit, har tsuntsayen kan darbejiya.
Wace na'ura ce ta ajiye wannan shirun?
Maki nawa za ta ba shi?

To, na koyi shan ruwa irin na suruki.
Dubu goma, in ta matsa sha biyar,
in goge moɗar tun mai hoto bai iso ba.
Ban karya katin ba, ko da zuciya ta so,
Fa'iza ta ce a bar shi ya yi gemu.
Jiya wani banki ya turo saƙo: ga namu, dubu talatin.
Na karanta sau biyu, na share,
na ci gaba da ƙirga maɓallai.

Wata na biyar ke nan.
Makin yana hawa kamar tsoho a matakalar bene.
Injin yana nan, an lulluɓe shi da leda,
Sunusi mai shagon ya daina tambayata yaushe.
In na wuce dai yakan ɗaga ledar kaɗan
ya kaɗe ƙura, ba tare da ya dube ni ba.