Fatar da Ta Ƙi Jima

Shekara talatin ina shiyar Madunka
ina lallashin fatar jar akuya.
In ta yi gardama in ba ta ruwa, in ba ta mai,
in murza, in ja, har ta kwanta kamar ƙyalle.
Yau tawa ce ta ƙi.

Daga kan yatsu ta fara.
Ta ɗaure, ta yi sheƙi kamar an shafa mata ƙaro.
Zoben azurfar da na gada
sai da maƙeri ya yanke shi.
Likita a asibitin koyarwa ta faɗi wani dogon suna,
na ce ta maimaita da Hausa.
Ta ce taurin fata.
Na yi dariya. Ni ake gaya wa taurin fata?

Yanzu randa abokiyar gaba ce.
In na taɓa moɗa, yatsu su yi fari fat,
su koma shuɗi,
sannan jini ya dawo da zafin cinnaku.
Kulu kan ɗora buta gefen murhu tun kafin assalatu,
da ruwan ɗumi nake alwala.
Rana tana narka kwalta a Sakkwato,
ni kuwa da safar hannu a aljihu
saboda sanyin ɗakin banki.

Bayan la'asar, kwanon ruwan ɗumi,
sannan man kaɗe, gaɓa bayan gaɓa.
In shimfiɗa tafi kan katakon yanka,
in danna a hankali, in ƙirga goma.
In dunƙule. Ba ya rufuwa duka.
Jiya ɗan yatsa ya kusa taɓa tafi,
na kira Kulu ta gani.

Gyambon kan manuniya wata biyu ke nan,
ina wanke shi, ina rufe shi,
ba na bari rini ya kusance shi.
Taba kuwa mun yi sallama.

Ƙotar basilla na naɗe ta da tsumma
har ta kai kaurin rake.
Modi, jikana, shi ke zura zare,
shi ke ɓalle mini maɓallin wuya.
Da ina gama alabe biyar kafin azahar,
yanzu ɗaya, kwana uku.

Wani mai saye ya juya shi, ya duba ɗinkin,
ya ce, "Hannun Bawa ne wanga."
Ban ce komai ba.
Na miƙa tafi biyu na karɓi kuɗin,
don ɗaya ba ya riƙewa.