Sanyin Aro

Iri goma sha bakwai, ƙanana kamar garin barkono,
Barmani ta aiko mini cikin ambulan.
Ta rubuta: ba sa farkawa sai sun sha sanyi.
Sanyi? A Garwa, cikin Afrilu,
inda kwalta ke lasar takalmi?

Na shimfiɗa su kan jiƙaƙƙiyar auduga,
na sauke su a firjin Inna Tabawa,
tsakanin ƙullin zoɓo da ragowar miya.
Mako shida ina yi musu ƙarya.
Sau biyu aka ɗauke wuta,
na ruga bakin Binuwai wajen masu kifi,
na sayo ƙanƙara mai ƙarni
kada asirina ya tonu.

Inna ta ce, "Ko gero ba a yi masa wannan bauta."

Huɗu suka yarda da ni.
Sauran shiru, har yau.

Yanzu ga ganye kamar farcen jariri,
jan gashi, raɓa a kowane tsini,
ko da tsakar rana ba ta bushewa.
Jiya wani ɗan ƙwaro ya sauka sha.
Ganyen ya naɗe shi, ba gaggawa.

Inna ta leƙo ta kafaɗata, ta daɗe.
"To," ta ce, "sauro fa, sai yaushe?"