Zaren Tasalla

Wata uku ke nan babur ɗina yana ja hagu.
Tun ranar da na faɗa ramin nan na hanyar Ajiwa
da kwando biyu na tumatir a baya,
ban ƙara sakin hannu ɗaya na sosa kunne ba.

Yau babu ɗauko kaya.
Na ɗora shi kan ƙafar tsakiya
tsakanin randa da turken akuya,
na shimfiɗa buhun taki, na zube sifanu:
sha tara, sha biyu,
da wata mai cinyayyen baki
wadda Yaya Rabe ya bari, Allah ya jiƙan rai.

Babban noti ya ƙi.
Na ɗiga masa baƙin mai, na ba shi lokaci,
na zura bututu a wutsiyar sifana, na hau da ƙafa.
Ya yi kukan ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba,
sannan ya saki.

Akwai tsage a jikin ƙarfe, dama da hauni,
na ƙirga uku nan, uku can, na ce shi ke nan.
Da na juya taya
sarƙa na nan tana taunar haƙora ta gefe guda,
ƙaƙas, ƙaƙas.
Ashe har tsagen ramin ya taɓa.

Tasalla ta tsai da keken ɗinki,
ta jefo mini ƙwaryar zare, fari.
"Kar ka shafa masa mai."
Barira ta riƙe bakinsa can wajen tayar gaba,
a tsugune, harshe waje.
Na zagayo da shi ta baya, na kwanta rub da ciki,
kunci a ƙasa, ido ɗaya rufe,
kaza na leƙen abin da na ɓatar.

"Baba, nan yatsa biyu ne. Can ɗaya."
Ajinta huɗu.
Na ce ta sake dubawa. Ta sake. Haka ne.

Rabin juyi a dama.
Ya zarce.
Na mayar kaɗan, kamar mai rage gishiri a miya, in da ana iyawa.
Zufa na ɗiga daga haɓata kan bakin taya,
ladanin unguwa ya gyara murya,
ni ina nan ina ciniki da ƙaramin noti
a kan abin da bai kai faɗin ƙwayar gero ba.

"Yanzu fa?"
"Ɗaya da rabi. Can ma ɗaya da rabi."

Na danna sarƙa, ta lotsa daidai gaɓar yatsa.
Na ɗaure babba, na sake aunawa,
don wani ɗaurin yakan tafi da gyara.
Na taka burki, ya kama.
Zaren ya koma wa mai shi baƙi ƙirin;
ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da ɗinki.

Bayan la'asar na fita gwaji ta Ƙofar Marusa.
Babur ya miƙe sak, sarƙa ta yi shiru.
Sai ga ni ina cin gefen dama,
har mai kurar ruwa ya daka mini tsawa.

Na tsaya gindin darbejiya, na duba taya. Lafiya lau.
Kafaɗata ce.
Wata uku tana turawa,
ba wanda ya gaya mata an gyara.