Yaƙin Bayan La'asar

A zauren Sallau mai faci, can Kiyawa,
muke buɗe kwalin sabulu.
Mutum ɗari biyu ke kwance a ciki,
ba wanda ya kai tsawon yatsana.
Lakar bakin rafi ce jikinsu,
ƙayar aduwa mashi,
murfin kwalba garkuwa.

Sallau ya ja ganuwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Shi ne birni, kullum shi ne birni.
Ni Kwararrafa, na taso daga kudu,
wato daga gindin randa.

Dakare taƙi ɗaya yake ci,
mai lifidi taƙi biyu.
Wuri shida muke watsawa:
wanda ya kifa, kibiya ta kuskure,
wanda ya buɗe baki, a kwantar da mutum.

Sati uku ina kan ƙofa guda.
Jiya saura ƙiris in fasa ta
sai ga kazar Iya Dije
ta bi ayarin guzurina,
da yake dawa ce ta gaske na ɗora wa jakuna.

"Yunwa ta ci rundunarka," in ji Sallau,
"a rubuta."
Na rubuta a bayan kalanda.

Da dare na zauna gaban fitila
ina liƙa wa wani maharbi hannu da ƙaro.
Waɗanda suka faɗi da gaske a gindin ganuwa,
ko sunan ɗaya ban sani ba.
Wannan dai na raɗa masa Nomau,
gobe a sahun baya zan tsayar da shi.