Talatin da Bakwai Cikin Ɗari

Shagona taku huɗu ne a bayan Taminus,
tsakanin mai gyaran agogo da mai dankalin Bokkos.
Nan Kangyang ta same ni ran Laraba,
ruwan Agusta na ɗiga daga lemarta,
ta buɗe jaka, ta fito da hoto biyu.

Na farko, gidan da ta gama a Bukuru,
fenti bai ko bushe ba, ga ta a ƙofa riƙe da makulli.
Na biyu, wani dogo da shebur a kafaɗa,
hoton baƙi da fari, gara ta ci kusurwa ɗaya,
ramin kuza ya wage baki a bayansa.
"Babana ne. Filin nasa ne.
Ko bulo ɗaya bai gani ba.
Ka tsayar min da shi kusa da ni."

Na bi gefen jikinsa da linzamin kwamfuta,
a hankali, kamar wanzami a bayan kunnen jariri:
hula, kafaɗa, gwiwar wandon da ta sha faci.
Na ɗauke ramin. Na ɗauke sama. Na ɗauke shekarun.
Abin da ya saura a bayansa
ƙananan gidajen dara ne, fari da toka-toka.
Haka na'ura take rubuta "babu".
Ban san babu tana da kama ba
sai da na shiga wannan sana'a.

Na ɗora shi kan shimfiɗar gidan,
kaurinsa ɗari bisa ɗari.
Ya tsaya ƙyam, ya tare taga,
ya take furen da ta shuka gefen matakala.
Ta girgiza kai.
"Wannan ƙarya ce, Malam Tanimu.
Jikokinsa za su ce yana nan da rai,
zuwa ne kawai ba ya son yi."

Sai na ja ɗan ma'aunin zuwa hagu.
Tamanin: rigarsa ta fara shan launin bango.
Sittin: ƙarfen taga ya ɓullo ta haƙarƙarinsa.
Hannuna ya zarce, ban yi niyya ba,
goma, biyar,
mutum ya koma tururin shayi.
Ta cafke min wuyan hannu:
"Tsaya! Kada ka binne shi sau biyu."

Muka dawo da shi, ɗigo-ɗigo,
yadda ake ƙara gishiri a miyar marar lafiya.
Ashirin. Talatin.
Mai agogo ya leƙo, ya yi shiru, ya koma.
A talatin da bakwai ta saki numfashi.
Ga shi nan shara-shara kamar mayafin bazara,
labulen ɗakinta na kaɗawa a cikin ƙirjinsa,
furen ya tsiro ta tafin ƙafarsa,
bakin shebur ɗin kuma, ban shirya haka ba,
ya sauka daidai kan makullin hannunta.

"Haka yake zuwa min," in ji ta,
"in ina tankaɗen acca, in hankalina ya tafi.
Ba ya tare min komai.
Ta cikinsa nake ganin abin da ke gabana."

Firinta ta yi tari, ta tofo takarda.
Ban gaya mata abin da na sani ba:
takarda ba ta da shimfiɗa, ba ta da ma'auni.
Tawadarsa da ta bango sun zama jini ɗaya,
babu gwanin da zai sake yanke shi daga gidan nan.

Ta biya, ta sa shi cikin leda, ta cusa a ƙirji saboda ruwa.
Gilashin ƙofata ya yi raɓa.
Na tsaya ina kallonta ta cikinsa,
tana tsallake kwata, tana raguwa,
sittin, arba'in, ashirin,
har hazon Dutsen Shere ya rufe sauran.