Ɗigo Uku

Shekara arba'in uwata Sun-deok
tana gyaran kifi a kasuwar Busan.
Iskar teku ta yi mata tsaga a goshi
ba wanzami.

Na kawo mata kwalbar siram, ruwanta kamar zuma.
Mai shago ta ce a fara gwadawa bayan kunne;
in bai yi ƙaiƙayi ba,
a wanke fuska, ɗigo uku,
sannan man kare rana.

Ta juya kwalbar, ta ga farashi.
"Hye-rim, kifi goma sha biyu ke nan!"

Da asuba na ji motsin murfi.
Ga ta gaban madubi,
yatsun da gishiri ya tsattsaga
suna tattaɓa kumatu
sannu sannu,
kamar mai lallashin jinjiri.