Gwangwani Uku

Daren sabuwar shekara, a Sheffield,
na rubuta wa kaina dokoki bakwai da jan biro,
na manna a ƙofar firiji:
ka rage kilo goma,
ka gama kwas ɗin akanta,
ka riƙa tashi ƙarfe huɗu,
ka zama wani kafin Disamba.
Sauran ukun ma na manta su.

Kafin Maris takardar ta zama alƙali.
In na zo ɗaukar madara ta harare ni,
in sunkuyar da kai
kamar wanda ya ci bashin maƙwabci.
Ni direban bas ne.
Hanya ɗaya, tasha bayan tasha,
na san kowane rami a kwaltar nan da sunansa.
Ashe haka na so in tuƙa raina,
ba kwana, ba ratse.

Sai yayata Tabawa ta aiko da irin yakuwa
ƙulle a bakin tsohon ɗankwali.
Na miƙa wa Maureen ta saman shinge,
tsohuwar da ke hira da kabejinta.
Na ce, "Zai fito a wannan sanyi?"
Ta juya ƙwayar a tafin hannu.
"Ban sani ba, Sallau.
Shekara arba'in ina shuka,
ƙasa ba ta taɓa yi mini alkawari ba.
Raba shi uku, ka gani."

Gwangwanin tumatir uku, na huda gindinsu da ƙusa.
Ɗaya a waje, gefen kwandon shara.
Ɗaya a gindin hita.
Ɗaya a tagar kicin, inda rana
ke leƙowa kamar baƙuwa mai kunya.

Na waje ya tsiro, dodon koɗi ya yi walima da shi dare ɗaya.
Na hita ya yi gaggawar tsawo,
siriri, fari fat, ya kwanta bai tashi ba.
Na dube shi na ga kaina a watan Maris.
Na taga kuwa shiru,
kwana goma sha tara.
Har na ɗauko shi zan juye
sai ga jan kara kamar zaren ɗinki
ya ɗago hularsa.

Abin da ya ɗaure mini kai:
mutuwar biyun ba ta yi mini ciwo ba.
Ba wanda ya faɗi jarrabawa.
Labari kawai na samu.

Daga nan na shiga yi wa kaina haka.
Mako biyu, komawa gida a ƙafa ta bakin rafi:
gwiwa ta yi ƙorafi, barci ya gode.
Kwana goma ba sukari a shayi:
a rana ta huɗu na ce a kai kasuwa.
Tashin ƙarfe huɗu ba nawa ba ne,
amma bayan la'asar, a ɗakin hutun direbobi,
lissafi na shiga kaina kamar ruwa a rairayi.
Wa zai gaya mini wannan
in ban taɓa ba?

Na gwada gaida duk wanda ya shigo bas, kwana biyar.
Mutum tara suka amsa.
Ɗaya ya ba ni labarin karensa har ƙarshen layi.

A watan Agusta yakuwar ta ba ni ganye
cikin tafi biyu, ba ƙari.
Na yi miya a ƙaramar tukunya, na kai wa Maureen.
Ta kurɓa, tsami ya tattare mata fuska,
ta ce, "Kai!" irin tawa,
ta sake miƙo cokali.

Takardar tana nan a firiji,
na dai juya mata baya.
A farin gefen na rubuta da fensir:
ko me zai faru in...
na bar sauran fili.

Kilo goman, uku ne suka tafi.
Ban bi sawunsu ba.
Jiya Tabawa ta aiko da irin kuɓewa.
Maureen ta leƙo: "Wannan fa, zai yi?"
Na ce, "Ban sani ba."
Na tafi neman ƙusa.